Mijin da Na Kashe a Shafi na Tara

Masu karatu, yau ba doguwar gaisuwa. Na kashe mutumin da zan aura, kuma mahaifiyarsa ta gani a rubuce, da rubutun hannuna a gefe ina cewa bai sha wahala sosai ba.

Waɗanda yau suka fara bina, bari in tsara muku. Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai, ɗaki biyu a saman shagon masu gyaran firji. Mu uku ne: Shugaba, wanda ya kafa shi bayan ya bar koyarwa, mai zanen bango, wanda ba ya zuwa sai ya ga dama, sai ni mai gyaran rubutu. Abu ɗaya muke bugawa, tarin gajerun labaran ban tsoro. Sau biyu a shekara mukan tattaro labari sha biyu ko sha uku daga marubutan da ba wanda ya san da zamansu, mu ɗinke su wuri guda, mu sa hoton ƙofa a buɗe a bango. Kullum ƙofa ce. Mai zanen bai iya fuska ba.

Aikina in zauna da jan biro ina bin gawarwaki. Wannan ta mutu da wuri, wancan jininsa ya yi yawa, aljanin nan surutunsa ya kashe tsoron. Umma kuwa in aka tambaye ta sai ta ce, "Tana harkar littattafan makaranta."

Shi wanda zan aura, a gidanmu Dakta ake ce masa. Ba likita ba ne. Awon ido yake yi yana yanka gilashi, kuma sau uku yana gyara musu da bakinsa, Umma ta ce tawali'u ne. Yayata ce ta haɗa mu. Wata bakwai yana zuwa duk Asabar da la'asar, da farar riga mai aljihu ɗaya, ya jera takalmansa a bakin falo kamar za a ɗauke su hoto. Wata bakwai kuma Umma na tsaye a kaina: "Sa'anninki duk sun wuce, ke kina can kina ƙirga matattu." Mako uku da suka wuce na ce na amince. Ba wanda ya tilasta ni, kada ku fara. Na duba ne ban ga dalilin cewa a'a ba. Ranar Lahadin nan iyayensa maza za su zo wurin Baba, in har za su zo.

Ga yadda aka yi.

Na amince ranar Asabar. Ranar Litinin Shugaba ya shigo ofis ya ajiye wayarsa a teburina da ƙarfi.

"Amarya, mun shiga uku. Mai labarin rijiya ya janye."

"Me ya faru?"

"Wai ya yi mafarki da rijiyar. Marubucin ban tsoro ke nan fa, ya tsorata kansa da kansa."

Sai na yi muku bayanin wani abu na sana'armu. Injin maɗaba'a ba ya buga shafi ɗaya-ɗaya. Sha shida yake ɗauka a babbar takarda guda, a naɗe ta, a yanka. Littafinmu shafi ɗari da sittin ne cif. Fitar rijiya ta bar mana rami na shafi tara.

Na ce, "Mu bar su fari. A rubuta 'don tunanin mai karatu'."

"Shafi tara fari fat? A ce aljanu sun lashe mana tawada?"

"To mu yanke bakwai daga na sauran."

"Ki kira marubuta sha biyu ki gaya musu. Ni zan tafi jinya." Ya ja kujera ya zauna yana kallona ta saman gilashinsa. "Shekara huɗu kina zagin labarin mutane da jan biro. Ki rubuta naki mu gani. Kwana uku."

Abin da nake gaya wa sababbin marubuta kullum shi ne, kada ka ƙirƙiro mutum, ɗauko wanda ka kalla da kyau. Na zauna gaban kwamfuta na lalubi namijin da na taɓa kalla da kyau a rayuwata. Baba ba ya zama. Shugaba ba wanda zai ji tsoronsa. Saura mutum ɗaya da na zauna gabansa Asabar talatin ba abin yi sai kallo.

Na ɗauke shi gaba ɗaya. Jera takalman. Yadda yake juya shayi cokali bai taɓa kofi ba. Ɗan ƙyallen goge gilashi mai ruwan toka da yake ninkewa gida huɗu. Da "bari mu duba" ɗin da yake faɗa ko sannu aka ce masa. Na mai da shi miji mai yanka wa matarsa gilashi, in ta sa sai ta ga gida tsaf, in ta cire sai ta ga abin da ke zaune a gidan da gaske. A shafi na tara ta zuba masa abu a shayi. Kalmarsa ta ƙarshe, "Bari mu duba."

Ban ji komai ba lokacin. Aiki ne. Na fitar da shi a firinta na bi shi da jan biro kamar na kowa, don ban iya karanta takarda hannuna ba biro ba. Shugaba ya karanta, ya ƙara nasa da koren biro, aka sa min sunan aro, aka wuce wurin.

Saura abu ɗaya. Shugaba ba ya yar da takarda. Duk shafin da aka gama gyarawa a jaka yake tarawa, in ta cika in kai gida, Umma ta shimfiɗa a kabad, ta goge madubi, ta naɗe abin fashewa. Shekara huɗu muna haka, ba ta taɓa karanta layi ɗaya ba.

Hajiyar Dakta ta koma sabon gida makon jiya. Umma ta sayo mata kofunan shayi masu bakin zinare, ta zauna a tsakar falo ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya don kada su fashe a hanya.

Jiya Laraba, ƙarfe sha ɗaya, ina duba lambobin shafi, wayata ta yi ƙara. Yaya ce.

"Ke. Kina ina?"

"Ofis."

"Kina zaune?"

"Faɗi mana."

Sai hoto ya shigo. Takarda ce duk ta yamutse, an miƙe ta a kan teburin gilashi, an danne gefenta da kofi mai bakin zinare. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Shafi na tara. A gefen dama, da jan biro, rubutuna mai kwanciya:

"Ya mutu da sauƙi. A ja masa rai, ko da layi huɗu ne."

Ƙasa kaɗan: "Shayin ya fi. A bar maganar wuƙa, ɓata ɗaki ne."

Can ƙasa, inda na ja dogon layi a kan sakin layi guda: "A cire kukan. Ba sonsa take ba."

A sama kuma da koren biro, manyan baƙaƙe: "Amarya, hannunki ya faɗa. Haka ake kisa."

Abin da na fara lura da shi, wallahi, akwai waƙafi da ya ɓace a layi na shida.

Saƙon murya ya biyo baya, na Hajiya zuwa ga Umma, Umma ta tura wa Yaya, Yaya ta turo min. Minti huɗu. Muryarta a kwance, ba faɗa. Ta gode da kofuna, ta ce sun yi kyau ƙwarai. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ɗa ɗaya Allah ya ba ta namiji, kuma yana son shayi. Ta ce maganar Lahadi a ɗan dakata.

Shugaba ya leƙo daga ɗaya ɗakin. Na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya cire hula, ya mayar.

"Koren biron ne ya ɓata abin, ko?"

"Bai taimaka ba."

"Amarya, gobe ƙarfe takwas za a haɗa farantin bugu a maɗaba'a. In za ki cire, ki faɗa min yau in san irin kukan da zan yi."

Na ce zan kira shi. Na fitar da labarin a firinta, na ƙarshe wanda za a buga, na sa a jaka na sauko.

Na samu Umma a falo, mayafi a kafaɗa, ɗankwali ya zame, fanka na juyawa a kanta ba ta ma san da ita ba. Jakar takardun na tsakiyar ɗaki, ta zazzage ta kaf a kan darduma. Karon farko a shekara huɗu, karantawa take.

"Wannan wa ya rubuta? Wai jariri yana magana a cikin tulu."

"Wani ma'aikacin banki ne."

"Innalillahi. Da wannan nake shimfiɗa wa kwanukana?" Ta yar da takardar. "Zauna. Me yaron nan ya yi miki?"

"Ba komai, Umma. Labari ne."

"Labari! Duk mazan duniya ba ki ga na kashewa ba sai mai yanka gilashi? Ba direba, ba tela? Ga mai gyaran firjin nan na ƙasanku da ke hana ku sakat da hayaniya, me ya hana ki kashe shi?"

"Ban san shi sosai ba."

"Au, sai wanda kika sani kike kashewa? To mu ma sai mu yi hankali." Ta gyara ɗankwali. "Yanzu za ki kira tsohon nan ki ce a cire. Gobe ki rubuta takardar barin aiki. Jibi mu je ki durƙusa gaban matar nan ki ce sharrin ofis ne. Babanki bai ji ba tukuna, kuma ba na so ya ji."

Na shiga ɗaki na canza doguwar rigata mai tabon tawada a hannu, na sa shuɗiyar da Yaya ta ɗinka min. Ina gaban madubi na tambayi kaina, in aka fasa, me zan ji? Na jira amsa. Shiru. Sai dai na lura na sa ɗan kunne, abin da ba na yi ranar aiki.

Ƙarfe huɗu da rabi saƙon Dakta ya shigo.

"Ina waje. Ba zan shigo ba."

Laraba ce fa. Wata bakwai bai taɓa zuwa ba sai Asabar.

Yana cikin mota, gilashin ƙofa a sauke, farar rigar nan dai, amma maɓallin wuya a buɗe. Na tsaya ta gefen mai zaman banza. Takardar na kan cinyarsa, ya goge ta da dutsen guga, har ta ɗan yi ja a gefe.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

Wata mota ta wuce da katifa a samanta.

"Ƙyallen nawa," ya ce, "gida uku nake ninke shi. Ba huɗu ba."

"Huɗu ne."

Ya zaro shi daga aljihu ya warware a hankali. Ya ƙirga. Ya mayar.

"Tambaya ɗaya na zo da ita. Kin rubuta ne kafin ki amsa min, ko bayan?"

Masu karatu, ƙofar ƙarya a buɗe take. Ba ya da hanyar sanin ranar. In na ce kafin, sai ya zama haushin budurwar da aka dama da zuwa, a yi dariya a wuce.

"Bayan. Da kwana biyu."

Ya gyaɗa kai kamar an karanta masa sakamakon awo.

"Kisan bai dame ni ba. Hajiya shi ya dama. Ni wannan ne." Ya ɗora yatsa a ƙasan shafin. "'Ba sonsa take ba.'"

"Gyaran rubutu ne. Kukan bai zauna ba."

"Na karanta abin da ke ƙarƙashin jan layin. Karanta ƙananan rubutu sana'ata ce. Layi shida ne, matar tana zaune a ƙasa da takalmansa a cinya tana kuka. Wa ya rubuta su?"

"Ni."

"Jan kuma?"

"Ni."

"To wacce zan aura a ciki?"

Na yi abin da na iya. Na buɗe jaka na miƙa masa shafuka taran.

"Wannan ne za a buga gobe. Umma ta ce in cire."

"Bari mu..." Ya tsaya. Ya haɗiye sauran. Ya karɓa.

Minti goma sha biyar na yi a tsaye jikin motar. Labulen falonmu ya motsa sau biyar. Yaya ta turo "Me yake cewa??" sau uku, sai hoton fuska mai kuka. Shi kuwa karatu yake kamar mai duba takardar magani, yatsa na bin layi. A shafi na huɗu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba a wanke gilashi da ruwan zafi, rufinsa ɓarewa yake." Na ce zan gyara. A shafi na bakwai yatsan ya tsaya. Ya daɗe. Kunnensa ya motsa. Sannan ya juya.

Da ya kai ƙarshen na tara ya koma sama ya sake bi. Ya ɗauko wanda ya goge ya jera su gefe da gefe a kan sitiyari.

"Kin ƙara masa wahalar. Layi huɗu."

"E."

"Wuƙar ta fita."

"E."

"Kukan yana nan."

Na leƙa. Yana nan, layi shida, ko waƙafi ban taɓa ba. Duk gyaran da na rubuta na shigar, ban da wannan. Kuma sau uku ina bin shafin bayan nan.

"In na cire, shafin zai yi gajere," na ce.

"Haka ne."

"Sai ƙasan ya zama fili. Ba ya kyau a ido."

"Ba ya kyau," ya ce. Bai yi murmushi ba, amma ya mai da maɓallin wuyansa. "Kada ki cire labarin. In kika cire, Hajiya za ta ce akwai abin ɓoyewa. Lahadi tana nan, ni zan san yadda zan yi da ita. In littafin ya fito ina son guda biyu, ɗaya na shago."

A nan ne wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda ban san yana wurin ba. Ba zan ƙawata muku shi ba. Na dai riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

Sai ya koma shafi na bakwai.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Mijin cikin labarin yana da uwa. In matar ta cire gilashi, tsohuwar take gani a kujerar falo, ta shekara goma da mutuwa amma ba ta daina magana ba. Tana da haƙorin zinare a hagu. Tana ƙwanƙwasa zobe a hannun kujera. Duk maganarta da "ni dai ban ce komai ba" take farawa. Ɗan kuma, duk sanda ta fara, sai ya zare gilashinsa kamar zai goge, ya riƙe shi a hannu har ta gama, don kada ya ga fuskarta.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce a hankali, "ba wanda ya taɓa lura ina yin haka. Sau biyu kacal kika gan mu tare."

"Sau biyun duk ka yi."

"Wannan shafin ma kin bi shi da jan biro?"

"Na rubuta, 'Tsohuwar ta fi kowa ban tsoro. A ƙara ta.'"

Ya rufe ido. "Kofunan nawa ne a kwalin?"

"Sha biyu. Umma ta ce daga saman jakar ta kwasa. Labarina ne a sama. Hajiya nawa ta buɗe?"

"Huɗu. Uku na wasu ne, wani mai tulu. A na huɗu ta ga wannan, ta ce kada wanda ya sake taɓa kwalin."

Kofi takwas a naɗe. Shafi takwas da ba a gani ba. Kowa ya yi lissafinsa.

"Tana iya karanta ƙananan baƙaƙe?"

"Ni na yanka mata gilashin karatu wata biyu da suka wuce. Mai kyau na yi mata." Ya murɗa makulli. "Minti ashirin ne in ba cunkoso. In ce kofunan na da tsaga, in ɗauko kwalin."

Ban shiga na tambayi Umma ba. Na buɗe ƙofa na zauna, na ja mayafina ciki. Bai kai ga sa giya ba wayarsa ta haska a tsakaninmu. Hajiya. Ya kalle ta, hannunsa ya tafi wajen gilashinsa.

Na riga shi ɗauka.

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ce. Ina wuni. Dama game da sauran kofunan ne, kafin a buɗe..."

Daga can na ji wani ɗan sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarfe a jikin katako.

"Ni dai ban ce komai ba," ta ce. "Ku taho yanzu, ku biyun. Shi kuma ki gaya masa, yau da gilashinsa a ido zai saurare ni."